Ɗaukar Hoton Taurarin Nesa Daga Kaduna: Tambayoyi da Amsoshi

Tun da na fara sa hotunan da nake ɗauka da dare daga saman benenmu a Unguwar Rimi, tambayoyi kusan iri ɗaya ke ta dawowa, daga ɗalibai, daga masu hoton biki, har da wani dattijo da ya ce tun yana yaro yake son ganin Kaza da 'Ya'yanta kusa da kusa. Na tattara su a nan. Lokuta da tsayin taurarin da na ambata na sararin Kaduna ne, amma na Zariya da na Kafanchan ma za su iya aiki da su.

Me ake ɗauka ne takamaimai? Ba wata da Zara ba ne?

Wata da Zara da Mushtari maƙwabtanmu ne, haskensu ya wadata, ƙiftawar kyamara ɗaya ta ishe su. Abin da muke nema yana can bayansu da nisa, kuma dishi-dishi yake. Iri uku ne: nebula, wato gajimaren gas da ƙura inda sababbin taurari ke samuwa, curin taurari irin Kaza da 'Ya'yanta, sai galaksi, garken biliyoyin taurari irin wanda ranarmu ke ciki.

Da shekarar haske ake auna nisansu, wato tafiyar da haske ke yi a shekara guda, kusan kilomita tiriliyan 9.5. Nebular Orion, wadda ke cikin rukunin taurarin Orion, tana da nisan kusan shekarar haske 1,350, galaksin Andromeda kuwa miliyan 2.5. Duk da haka a wuri mai duhu ido na ganin Andromeda. Masanin taurari Abdurrahman al-Sufi ya siffanta ta da ƙaramin gajimare tun a shekarar 964. Lambobin da za ka riƙa gani, M42 (nebular Orion) ko M31 (Andromeda) ko M45 (Kaza da 'Ya'yanta), daga jerin abubuwa 110 ne mai ɗauke da sunan Charles Messier, Bafaranshen ƙarni na 18.

Wace na'urar hangen nesa zan fara saya?

Kada ka fara da ita. Na san ba haka mai tambaya ke son ji ba, amma a nan ne kuɗin mutane suka fi salwanta. Yawancin abubuwan nan manya ne a sama, haske ne ba su da shi. Faɗin Andromeda ya ninka na cikakken wata kusan sau shida, ta fi ƙarfin filin babbar na'ura. Abin da kake bukata kyamara ce mai sauya lens, wadda ke ɗaukar RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba, kuma ta bar ka ka saita komai da hannunka. Tsofaffi irin Canon 600D ko Nikon D5300, waɗanda masu hoton biki ke sayarwa na hannu, sun isa. Lens na milimita 50 mai f/1.8, wato mai faɗin ƙofar haske, ya fi kowanne arha, kuma da shi za ka kama Orion gaba ɗaya. Wanda ke da hali ya nemi Samyang na milimita 135 mai f/2.

Bayan kyamara, ƙafa uku mai ƙarfi, wadda iska ba ta kaɗa ta. Sai rimot mai danna kyamara da kansa sau ɗari ba tare da ka taɓa ta ba. Sai na'urar bin taurari, wadda akwai amsa a kanta a ƙasa. Na'urar hangen nesa ita ce ta ƙarshe, kuma ƙarama: mai gilashi a gaba, faɗin baki milimita 60 zuwa 80. Waɗanda ake tallarsu a kwali da alƙawarin girmama abu sau ɗari biyar, a kan siraran ƙafafu, ba su da amfani ga wannan aiki.

Waya fa, za ta iya?

Za ta iya farin ratsin nan na taurari da ke keta sama, wanda Turawa ke kira Milky Way, in dai tana da tsarin da za ka buɗe idonta sakan 15 zuwa 30, kuma ka kafa ta ba motsi. Wayoyin Pixel suna da tsarin taurari da ke tara haske kusan minti huɗu. Jan gas ɗin cikin nebula kuwa ya fi ƙarfin idon waya. Amma ka sa mata Stellarium, manhajar taswirar sama, ko ba komai. Da shi za ka san abin da ke bisa kanka yau da ƙarfe goma.

Me ya sa taurarina ke fitowa dogaye kamar ƙwayar shinkafa?

Duniya ce ke juyawa, digiri 15 a kowace awa, taurari kuma suna ja a kan hoton muddin ido na buɗe. Tsohuwar ƙa'ida ita ce ka raba 500 da tsawon lens ɗinka, abin da ya fito shi ne iyakar sakan ɗinka. Kyamarorin da na ambata ƙaramin sensa gare su, wato ɓangaren da ke kama haske a ciki, sai ka fara ninka tsawon lens da 1.5 ko 1.6. Lens na 50 zai ba ka sakan shida a lissafi. A aikace, a kan Orion da ke tsakiyar sama inda taurari suka fi gudu, sakan uku ko huɗu nake bari. Da lens na 135 kuwa, sakan ɗaya da rabi.

Gajartar ba ta hana aiki. Ka ɗauki ɗari uku, kana maido da abin tsakiya bayan kowane talatin ko arba'in, sannan ka tara su kamar yadda amsar tara hotuna ta yi bayani. Henry Draper ya ɗauki hoton nebular Orion na farko a 1880 da buɗe ido kusan minti 50 a babbar na'ura. Tsohuwar kyamararka a kan ƙafa uku za ta fitar da abin da ya fi nasa.

Mece ce na'urar bin taurari, kuma dole sai an yi odarta daga waje?

Ƙaramin inji ne da ke juya kyamara daidai da gudun sama, sai taurari su tsaya cak a hoto, ka buɗe ido minti ɗaya ko biyu. Sky-Watcher Star Adventurer da iOptron SkyGuider Pro su aka fi sani, kowace na ɗaukar nauyin kilo biyar. Sai dai oda, ga kuɗin jirgi ga na kwastan.

Akwai wadda kafinta zai yi maka, kuma ina so mutanenmu su gwada ta kafin su ce abin na masu kuɗi ne. Katako biyu ne haɗe da hinji mai kyau wanda ba ya lilo. Ana huda na ƙasa a saka dogon bol na M6, wanda juyinsa ɗaya ke tura milimita ɗaya, a nisan milimita 228.5 daga tsakiyar hinjin. Kyamara na zaune a kan na sama. Ka nufi tauraron arewa da tsayin hinjin, ka riƙa juya bol ɗin a hankali ba tsayawa, kwata a kowane sakan 15, juyi ɗaya a minti. Da lens na 50 ko ƙasa da haka za ka sami sakan 30 zuwa 60 da taurari zagayayyu. Ma'aunin nan shi ne ran abin, ka tsaya a kan kafinta har ya auna shi sau biyu.

Na kasa ganin tauraron arewa. Yaya zan saita?

Wannan ita ce wahalar da ta keɓanta da mu. Tsayin tauraron arewa daga ƙasa daidai yake da nisan garinka daga layin tsakiyar duniya, wanda ya raba ta arewa da kudu, Kaduna kuwa tana kan digiri 10 da rabi. Miƙe hannunka ka dunƙule: faɗin dunƙulen nan shi ne duk tsayinsa. Katanga, bishiyar darbejiya, tankin ruwan maƙwabci, kowanne na iya tare shi, kuma hazo ya fi kauri a wannan ƙasa-ƙasan. Ka nemi gefen bene da arewa ke buɗe, ranar da ka same shi ka yi wa ƙafafun uku alama da fenti a ƙasa, gobe ka mayar da su gurbinsu.

In ya ƙi ganuwa, da gajeren lens kamfas ɗin waya da daidaita kusurwa a 10.5 sun isa ga sakan 30. Mai haɗa kyamara da kwamfuta ya yi amfani da manhajar N.I.N.A., tana da hanyar saitawa da wurare uku a sama ba sai ta ga tauraron ba. Masu shirin sayen babban inji irin HEQ5 su sani cewa a kusurwarmu ƙarfen nauyinsa na iya bugun ƙafa, sai an ƙara masa wuya.

Wane lokaci ne ya fi a shekara?

Makonnin da ke tsakanin ɗaukewar ruwa da saukar hazo, daga ƙarshen Oktoba zuwa tsakiyar Nuwamba. Ruwa ya wanke sama, ƙura ba ta iso ba, Andromeda na can sama tun bayan isha'i, Orion na biyo ta tsakar dare. Duk wani shiri nawa na shekara a kan waɗannan darare nake gina shi. Hunturu yaudara gare shi: ba gajimare ko ɗaya, ga sanyi mai kyau ga kyamara, amma ƙurar na shanye haske ta kuma watsa fitilun gari ko'ina. Ba kullum take da kauri ba. Dubi rana da la'asar: in ta koma farin faifai da ido ke iya jurewa tun ba ta kusa faɗuwa ba, ka bar kaya a jaka. In ta faɗi da ƙarfinta, ka fito, ka ɗauki abin da ke tsakar ka kawai.

Dama ta biyu bayan ruwan farko ne, ƙarshen Afrilu da Mayu. Cikin damina ma akan sami daren da aka yi ruwa da yamma sama ta washe tas, irin wanda babu kamarsa a rani, sai dai ba ya sanarwa. Agusta kam a haƙura.

Sai lissafin wata, wanda mu ba sai an koya mana ba. Daga 25 ga watan Musulunci zuwa 4 ko 5 ga sabo, dare naka ne. Daga 20 wata kan makara fitowa, kana da farkon dare. Daga 10 zuwa 17 farin wata ya rufe komai, sai mai matatar haske da na yi bayani a amsar hasken gari.

Da me zan fara, kuma me muke da shi da wasu ba su da shi?

Fara da M42 a takobin Orion. Tana kai kusan digiri 74 a samanmu, tana da haske, kuma ko hoto ɗaya na sakan uku zai nuna maka launi. Sai Kaza da 'Ya'yanta, wadda shuɗin hayaƙin da ke kewaye da taurarinta ke son awa ɗaya ko biyu, sai Andromeda.

Zamanmu kusa da layin tsakiyar duniya ya ba mu kudancin sama da mai kallo daga Ingila ba zai taɓa gani ba. Omega Centauri, dunƙulen taurari kusan miliyan goma, yana kai digiri 32 a kudu cikin Afrilu da Mayu. Nebular Carina na kai kusan 20, ƙasa-ƙasa, amma a daren da ruwa ya wanke tana ɗaukuwa. Tsakiyar galaksinmu, da nebular M8 kusa da ita, tana hawa digiri 50 ko fiye a Yuni da Yuli. Hotunan waɗannan daga arewacin Najeriya su nake ɗokin ganin mun tara.

Hasken gari bai hana ba? Ko sai na fita daji?

Yana ragewa, bai hanawa. A cikin gari abin da zai ci awa ɗaya a ƙauye yakan ci awa huɗu ko fiye. Ɗauke wuta na ɗan taimakawa, sai dai fararen fitilun sola ba sa mutuwa, kuma haskensu ya game dukkan launuka, tsofaffin matatai na fitilar titi ruwan lemo ba sa tare shi. Abin da ke aiki shi ne matata mai ƙofa biyu, irin Optolong L-eXtreme, mai barin jan hasken haidurojin na nanomita 656 da na iskar oksijin na 501 kawai. Nebula ke amfana da ita. Galaksi da curin taurari ba ta yi musu komai sai duhu.

Maganar daji kuwa, kowa ya san halin hanyoyin wajen gari da dare. Babu hoton da ya kai ran mutum. In kana da dangi a ƙauyen da aka san ka kuma ake zaune lafiya, ka isa kafin magariba, ka gaida mai gari, ka yi aikinka a tsakar gida, ka kwana can.

Yaya zan saita kyamarar?

RAW, komai da hannu. ISO, wato ƙarfin jin hasken kyamara, 800 zuwa 1600 in kana da na'urar bi, 1600 zuwa 3200 in babu. Lens mai f/1.8 ka rage shi zuwa 2.8 don taurarin gefe su daina fiffike. Kashe mai hana rawar hannu, kashe rage ƙurajen da kyamara ke yi da kanta. A jadawalin hasken hoto da kyamara ke nunawa, tudun ya tsaya wajen kashi ɗaya cikin uku daga hagu.

Saita ido shi ya fi ɓata dare. Nufi tauraro mai haske, irin Shi'ira da aka ambata a Suratun Najmi, wanda ke bin Orion daga kudu maso gabas. Girmama shi sau goma a allon kyamara, ka juya zoben a hankali har ya zama ɗigo mafi ƙanƙanta, sannan ka liƙe zoben da salatif. Ka sake dubawa bayan awa ɗaya, domin sanyin dare na motsa gilashi.

Me ya sa sai an ɗauki hoto ɗari na abu ɗaya?

Ajiye kwano sakan biyar a yayyafi ba zai gaya maka yawan ruwan da ake yi ba. Wani ya sami ɗigo uku, na kusa da shi bakwai. Haka hasken nebula ke sauka a kan sensa, shi ya sa hoto ɗaya ke fitowa da ƙuraje kamar an watsa yashi. Ƙurajen na sauya wuri daga hoto zuwa hoto, nebula kuwa tana nan inda take, sai manhaja ta jera hotunan tauraro a kan tauraro ta fitar da matsakaici. Hoto huɗu na ninka tsabta sau biyu, hoto ɗari sau goma. Wato in kana son ninka kyan aikin awa ɗaya, awa huɗu za ka yi, kuma halal ne ka haɗa na darare daban-daban. Tarawar ce kuma ke share layukan jirage da na taurarin ɗan'adam irin Starlink.

Mene ne hotunan duhu da na fari da ake cewa a ƙara?

Na duhu: ka rufe lens da murfinsa, ka ɗauki ashirin zuwa talatin da saiti ɗaya da na taurari, nan take kafin yanayi ya sauya. Suna kama ɗigogin da zafin sensa ke haifarwa, wanda ke ninkuwa da ƙarin zafin digiri shida ko makamancin haka. A dararen Maris da Afrilu kada ka tsallake su. Akwai kuma gajeru, murfi a rufe da gudu mafi sauri, kamar hamsin.

Na fari su ne mafi muhimmanci a garin ƙura. Hoton Andromeda na farko da na yi awa biyu a kansa, da na buɗe haskensa sai ga zobba uku baƙaƙe kamar tabon kofi a kan tebur, ɗaya a kan galaksin kanta. Ƙurar hunturu ce a kan sensa. Maganin bai fi minti biyar ba: kada ka taɓa zoben saiti, ka shimfiɗa farar riga mai tsabta ninki biyu a bakin lens ka ɗaure da roba, ka ɗora farin allon waya ko na kwamfuta a kai, ka ɗauki talatin da haske matsakaici. Manhaja za ta cire zobban da duhun kusurwoyi gaba ɗaya.

Wace manhaja, kuma me ake yi bi da bi?

Siril kyauta ce, tana aiki a Windows da Mac da Linux, kuma ita nake ba kowa shawara. DeepSkyStacker ma kyauta ce ga mai Windows. PixInsight ta kuɗi ce, ba ta farkon shiga ba. A Siril za ka buɗe jakunkuna huɗu da sunayen da take nema, lights (na taurari) da darks (na duhu) da flats (na fari) da biases (gajerun nan), ka zuba kowane iri a tasa, ka kunna umarnin tarawa. Ka tanadi wuri: hoto 200 na RAW sun kai giga biyar, kuma aikin na cin ninkin haka sau da yawa kafin a share.

Abin da zai fito kusan baƙi ne, kada gabanka ya faɗi. Yanke gefuna, cire hasken gari da ya kwanta gefe ɗaya da Siril ko GraXpert, daidaita launi da jadawalin taurari, wanda ke son intanet, sannan ka ja hasken sama kaɗan-kaɗan. Kuskuren da na fi gani shi ne mayar da sama baƙa ƙirin don ɓoye ƙuraje. Siraran gas ɗin da ka kwana nema na tafiya tare da su. Bar ta toka-toka mai duhu. Tsakiyar M42 kan ƙone ta yi fari, sai ka ɗauki wasu gajeru na sakan biyu zuwa biyar ka haɗa a manhajar gyaran hoto ta GIMP.

Launukan nan gaskiya ne ko fenti?

Jan nebula jan haidurojin ne na gaske, shuɗin Kaza da 'Ya'yanta hasken taurarinta ne a kan ƙura. Ido ne ba ya gane launi a haske mai rauni, shi ya sa ta cikin na'ura ake ganinsu toka-toka. Hotunan na'urar Hubble masu ruwan zinariya da shuɗi, irin na ginshiƙan M16 na 1995, an raba wa kowane gas launi ne don a bambanta su. Duk biyun daidai ne in ka faɗi wanda ka yi. Abin da ban yarda da shi ba shi ne ƙara abin da kyamararka ba ta kama ba ka ce naka ne.

Na'urori masu yin komai da kansu, irin Seestar?

Seestar S50, mai baki milimita 50, tana nemo abu, ta bi shi, ta tara hotunan sakan goma-goma ta turo waya, kuma ba ta bukatar tauraron arewa, wanda a Kaduna ba ƙaramin sauƙi ba ne. Ga makaranta ko mai ƙarancin lokaci ta dace ƙwarai. Filinta ƙarami ne, kuma ba a sauya mata lens. Ka sa ta ajiye hotunan ɗaya-ɗaya don ka sarrafa su a Siril.

Yaya zan kare kayana, kuma me zan gaya wa maƙwabta?

A hunturu kada ka sauya lens a waje, kuma kada ka goge gilashi da ƙyalle kafin ka hure ƙurar da famfon roba. Yashi ne, yana karce. A damina da Oktoba raɓa ce ke rufe lens wajen tsakar dare, maganinta ɗamarar ɗumi mai aiki da fawa banki. Funfuna na cin gilashi a ɗaki mai laima, sai a ajiye kaya a roba mai murfi da ƙunshin silika. Ka yi cajin batir biyu tun da rana.

Mutum a saman bene ƙarfe biyun dare da abu mai kama da bututu dole ya ja hankali. Ka sanar da mai unguwa da 'yan sintiri tun da wuri, ka nuna musu hoto a waya. Kada bakin kyamara ya taɓa kallon tsakar gidan wani, ko da kuskure. In arewarka ta bi ta kan gidan maƙwabci, ka je ka yi masa bayani da rana. Koren leza na nuna taurari kuwa ka bar shi, musamman a Mando da Kawo da duk inda ke kusa da filin jirgi ko barikin soja. Tocila ka rufe ta da jar leda, domin ido na ɗaukar minti 20 zuwa 30 kafin ya saba da duhu, farin haske ɗaya kuma ya mayar da shi farko.